Haɗa Jirgin Rimot Ba Shiririta Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, wasu na cewa haɗa ƙaramin jirgi mai rimot ɓata lokaci ne. Mu ba mu yarda ba.

Ku dubi V-22 Osprey na sojojin Amurka, wanda ya fara tashi a 1989. Yana da manyan farfeloli biyu, ɗaya a ƙarshen kowane fiffike. Idan suka kalli sama, sai ya tsaya cak a iska kamar jirgi mai saukar ungulu. Idan suka kalli gaba, ya sheƙa a guje.

Tsayuwar nan ita ce mai wuya. Farfelolin suna juyawa saɓanin juna don kada jirgin ya yi ta katantanwa. Zai karkata hagu, ta dama ce ke ƙara ƙarfin ɗagawa. Zai juya a wuri ɗaya, ɗaya ta ɗan sunkuya gaba, ɗaya baya.

Duk mai haɗa ƙaraminsa sai ya gane wannan, in ba haka ba ya kife ƙasa. Wannan ai ita ce kimiyyar da muke haddacewa don jarrabawa.

Muna roƙon shugaban makaranta ya saya wa ƙungiyar kimiyya ƙananan injuna biyu, da batir, da na'urar daidaita tashi. Hannun da ya iya motar kara ba zai kasa jirgi ba.