eNaira: In Babban Banki ya shigo cikin wayarka

Ɗan'uwa matashi, in ka ji a rediyo an ce Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ƙara kuɗin ruwa, ka taɓa tambayar kanka ta ina abin ke isowa kasuwar Zuru? A Nuwamban 2024 ya kai shi kashi 27.5 cikin ɗari, da nufin karya tsadar kaya. Dabarar ta bankuna take bi: bashi ya yi tsada, a rage ci, kuɗi su rage yawo. To amma manomin da ya kawo dawa daga Dabai ko Ribah, bashin wane banki ya ci? A Oktoban 2022, gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya ce cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, 2.73 na wajen bankuna. Linzami na Abuja, doki na daji.

Nan eNaira ta shigo, wadda Buhari ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba, 2021. Kada ka haɗa ta da OPay ko Moniepoint fa. Waɗancan kamfani ne ke riƙe maka kuɗi. Ita kuwa CBN ne da kansa ke fitar da ita, kamar takardar naira, sai dai a waya. In jama'a suka karɓe ta, bankin zai ga yadda kuɗi ke zagayawa nan take, tallafi kuma ya faɗo wayarka kai tsaye. Yanzu ba ta da ruwa. Amma in wata rana aka ɗora mata, an sami hanyar sa ka ajiye ko ka kashe, ba tare da an bi ta kan kowa ba. Da yawa cikinmu ma, da sun ji kalmar ruwa, shi ke nan, sun goge manhajar.

Abin da ya fi damuna shi ne bankunan. Da ajiyarka suke ba da rance. In mutane suka kwashe suka mayar eNaira, me za a ranta wa matashin da ke son buɗe shagon gyaran waya? Ranar da aka yi jita-jitar wani banki na tangal-tangal kuma, ba sai an yi layi ba, cikin dare ɗaya za a yashe shi. Shi ya sa aka ƙayyade abin da asusun eNaira ke iya ɗauka.

Duk wannan sai in an yarda da ita. Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da muke sayen naira da naira a wurin masu POS. Ba a taɓa samun damar da ta kai wannan ba, amma jama'a suka bi OPay da tiransifa. A shekarar, wani binciken Asusun Lamuni na Duniya ya nuna kashi 98.5 na asusun eNaira ba a taɓa su a mako. Wanda ya kwana a layin banki saboda shawarar CBN, da wuya ka ce ya miƙa wa CBN ɗin jarinsa, balle a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis.