Filin Sana'a: In Injin Jirgin Ruwa Ya Fara Tari

Da yawa daga cikin masu karatunmu suna zaune a bakin Binuwai da Kwara, daga Numan da Ibi har Lokoja da Yawuri. Wasu da fito suke ci da iyalinsu, wasu kuwa sai sun haye ruwa kafin su kai kasuwa ko asibiti ko sujada. Saboda haka a wannan wata za mu yi magana a kan injin fetur wanda ke zaune a cikin cikin jirgi, da ciwon nan da bakanikai ke kira misin, wato inji ya riƙa tari yana karkarwa, ƙarfinsa ya ragu.

Kada mu raina wannan tari. Mota in ta mutu sai a tura ta gefen hanya. Jirgi in ya mutu a tsakiyar kogi da damina, ruwa ne zai zaɓa masa inda zai nufa, da mata da yara a ciki.

Abu uku kowace silinda ke bukata: mai gauraye da iska, matsi mai kyau, da wuta a daidai lokacinta. Batir yana ba da volt 12, kwayil ya ɗaga shi ya kai wajen volt 20,000, distributo ya raba wa kowane fulogi. In wutar ta raunana, sau da yawa inji zai yi lafiya lau a bakin gaɓa, sai an ɗora kaya an ba shi mai ya fara tari, gama tsananin matsi yana hana raunanniyar wuta tsallaka bakin fulogi. Injin jirgi kuwa ba shi da gangara inda zai huta, kullum kamar mai hawan tudu yake.

Kafin mu taɓa kome, ga gargaɗi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi, ƙyastu ɗaya ya isa ya tashe shi. A buɗe murfin inji, a sansana, a bar iska ta shiga. In akwai fankar fitar da tururi, a kunna ta minti 4 kafin a tada inji. Ban da taba, ban da fitilar kananzir.

Da fari a kasa kunne. In tarin yana zuwa daidai-daidai kamar ɗingishi, silinda ɗaya ce ta kwanta, sai a zargi fuloginta ko wayarta. In kuwa yana zuwa barkatai, laifin na abin da ke hidimar dukansu ne: kwayil, ko distributo, ko mai.

Na biyu, a kashe inji, a kwance fulogi ɗaya-ɗaya, a jera su bi da bi. Bakin fulogi mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi mai busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Jiƙaƙƙe da baƙin mai, zoben fistin ya cinye. Fari fat, inji yana zafi ko mai bai isa ba. In an ga tsatsa ko ɗigon ruwa, to, ruwa yana shiga silinda ta gasket ko ta bututun hayaƙi, wannan kuwa aikin bakanike ne, kada a sake tada injin. Tazarar bakin fulogi a yawancin injuna ba ta kai milimita 1 ba, amma a bi abin da littafin injin ya faɗa.

Na uku, wayoyi. A duba tsagewa da koren tsatsa a bakinsu. Kada a cire su duka a lokaci guda, gama kowane inji yana da jerinsa. Mai silinda huɗu yakan bi 1-3-4-2, in an musanya waya biyu an haifi sabon tari.

Na huɗu, a buɗe murfin distributo. Laima ita ce babbar abokiyar gaban injin jirgi. A share shi da busasshen tsumma, a nemi tsaga ko siririn baƙin layi inda wuta ke sacewa. Tsofaffin injuna suna da kwantak wanda ke ƙonewa yana bukatar sauyi. Sababbi ba su da shi, wasunsu ma sai an jona na'ura ta faɗi inda laifin yake.

Na biyar, kwayil. Alamarsa ita ce inji ya yi rabin sa'a lafiya, da ya ɗauki zafi ya fara tari, in ya huce ya warke.

In duk waɗannan lafiya, a zuba ɗan fetur a farar kwalba a ajiye. In da ruwa a ciki zai kwanta a ƙasa. Bayan haka a duba filta da kafireto, a sa bakanike ya auna matsin silinda. Injin gas kuwa ba shi da fulogin wuta, tarinsa yakan fito daga iska a bututun mai, ko toshewar filta, ko nozul.

Kada araha ta ruɗe mu mu ɗora distributo ko kwayil ko sitata na mota. Na jirgi an rufe su musamman don kada ƙyastu ya fita ya tarar da tururi.

Mu tuna da labarin Bulus cikin Ayyukan Manzanni sura 27. Allah ya yi alkawarin ceton mutum 276 da ke jirgin, duk da haka matuƙan sun auna zurfin ruwa, sun saki anka huɗu, Bulus kuma bai yarda su bar jirgin ba. Dogara ga Ubangiji ba ta soke aikin hannu. Mai jirgin da ya ji tari a injinsa ya kuma loda mutane don kuɗin fito, ya sa ran maƙwabcinsa a caca. Gara asarar kasuwa ɗaya. A riƙe fulogi na ajiya, da sifanarsa, da filafilai, da rigunan ceto.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da komowarku. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.