Bindigogin tallafi da suka ɓace a Iraƙi

A shekarar 2007, ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya bayyana cewa bindigogi ƙirar AK-47 kusan 110,000 da ƙananan bindigogi 80,000 da aka raba wa jami'an tsaron Iraƙi a 2004 da 2005 sun yi ɓatan dabo a lissafi. Daga cikin makaman da aka kai ƙasar a wancan lokaci har da ragowar yaƙin Bosniya, aka kwaso su daga rumbu da sunan taimako.

Abin da ke damunmu shi ne, irin wannan bindiga takan yi shekara da shekaru tana aiki, sau da yawa ta fi gwamnatin da ta karɓe ta daɗewa. Duk ƙasar da za ta bayar da bindigogi, wajibi ne ta rubuta lambar kowace ɗaya, ta kuma riƙa tura jami'anta suna ƙirgawa.