Mu Maido da Lalle Cikin Gidajenmu

'Yan'uwa mazauna zango, daga Kumasi har Nima, akwai abin dubawa. Iyayenmu sun san lalle a matsayin itacen bayan ɗaki: a tsinko ganye, a shanya, a daka, a kwaɓa. Yau kuwa ana yi wa amare zane da baƙin haɗin kasuwa, wanda sau da yawa ake zuba wa sinadarin rinin gashi mai suna PPD. Shi ke sa fatar wasu ƙaiƙayi da kumburi, har ya bar tabo.

Alhali lalle ba shi da wuyar reno. Rana yake so, kuma ya fi jure fari a kan ruwan da zai kwanta masa a gindi. A ƙasa mai yawan ruwan sama kamar Asante, a dasa reshensa cikin ƙasa mai yashi. A riƙa sassabe kansa domin ya yi ganye. Farin furensa ma ƙamshi gare shi.

Mai cewa babu fili a zango, bokiti mai huji a ƙasa ya ishe shi. Iyaye mata, ku dasa tun bana, 'ya'yanku su yi ado da abin da kuka san asalinsa.