Bashin da ake ci ranar baftisma

Shekara shida na yi a jihar Taraba ta Najeriya ina koyar da Faransanci kafin in dawo gida Maradi. Ni Kirista ne, kuma a ikilisiyar da na taso, sai mutum ya yi wayo, ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nitsar da shi cikin ruwa. Can kuwa majami'ar da ke kusa da gidan da nake haya ta ƴan Metodis ce. Da Hausa suke sujada, sai na riƙa zuwa. Ranar da na fara ganin fasto ya karɓi jariri ɗan wata biyu ya zuba masa ruwa a ka, abin ya ɗaure mini kai. Yaron da bai san damarsa da hagunsa ba, me ya gane a ciki?

Da aka tashi na tambayi wani dattijo da muke zama benci ɗaya. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, kai ruwan kake kallo. Ba ka ji abin da aka tambayi uwayen yaron ba? Ba ka ji mu ma an tambaye mu, mun amsa ba? Yau dai mun ci bashi."

Maganar Baban nan ita ce ta sa ni wannan rubutu. Ikilisiyar da ke yi wa jariri baftisma ta ɗauki alkawarin koya masa ma'anar abin da aka yi masa, da ma'anar teburin da za a kira shi gare shi, da yadda zai yi magana da Allah. A ganina, wannan bashi ba ya biyuwa da ajin wata uku gab da biki. Sati-sati ake biyansa, a gida da cikin ƙaramin taro, shekara da shekaru.

Ga hujjar ƴan Metodis a taƙaice. John Wesley, limamin Ingila da ya rayu daga 1703 zuwa 1791, wanda tafiyar ta samo asali daga gare shi, ya koyar cewa alherin Allah yana rigan mutum, yana nemansa tun kafin shi ya san yana bukata. Saboda haka baftisma a wurinsu alama ce ta abin da Allah ya fara, shi ya sa ake yi wa jariri da babba, ta yayyafi ko zubawa ko nitsarwa. Babban taron Haɗaɗɗiyar Ikilisiyar Metodis ya amince da wata takardar koyarwa a kan baftisma a 1996, wadda ta jaddada cewa ba a maimaita ta, kuma renon wanda aka yi wa ya rataya a wuyan jama'a duka. In yaro ya girma, sai ya tsaya gaban mutane ya amsa alkawarin da kansa. Wannan shi ake kira tabbatarwa.

A shekarata ta uku aka ba ni ajin da ke shirya yara don wannan rana, tunda dai ni mushe ne, alli ba baƙona ba ne. Yara ashirin da huɗu, masu shekara goma sha biyu zuwa sha biyar. An ba ni wata uku kafin Ista. Na yi abin da na iya: tambaya a allo, amsa a kaye, hadda, bita. Cikin sati takwas kowa ya iya zuba amsoshi kamar ruwan famfo. Na ji daɗin kaina.

Wata Asabar sai na rufe littafin, na tambayi yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari, "Ke me ya sa aka yi miki baftisma?" Ta yi shiru, can ta ce, "Don a ba ni kati, Malam." Na tambayi wani yaro mene ne Jibin Ubangiji, ya ce abincin manya ne, in mutum ya ci jarrabawa sai a fara ba shi. Na ce to wani ya yi mana addu'a da maganarsa, don mahaifiyar ɗayansu da ke kwance asibiti. Ajin ya yi tsit. Yaran da suka haddace Addu'ar Ubangiji ba tuntuɓe sun kasa haɗa jimla biyu don maƙwabciyarsu.

Na faɗa wa uwaye a ƙara mana lokaci. Wani uba ya ce mini, "Malam, ai wannan aikinku ne da fasto. Mu mun riga mun ɗinka kaya, mun gayyaci dangi." Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba, don ni ne na sa hannu a takardar cewa yaran sun shirya. Na san ba su shirya ba. Na ji nauyin mutane, na bi. Duk malamin da ya taɓa ɗura wa yara darasi dab da BEPC, ya ga sun ci, ya kuma ga kansu wayam bayan hutu, ya san irin kunyar da nake nufi.

Abin da ya fi damuna shi ne, ƴan Metodis suna da maganin wannan ciwo cikin tarihinsu, na kuma zo na same shi ajiye ba a amfani da shi.

Maganin farko yana cikin gida. Susanna, mahaifiyar Wesley, ta haifi ƴaƴa 19, goma suka rayu, ga talauci, ga gobarar da ta cinye musu gida a 1709. Duk da haka, da yaro ya fara magana take koya masa Addu'ar Ubangiji, ya yi da safe, ya yi da dare. Bayan haka ta ware wa kowane yaro lokacinsa a sati, su zauna su biyu ta ji abin da ke ransa. Na John yammacin Alhamis ne, kuma har ya girma yana tuna wannan zama. Ku lura, ta haɗa abu biyu: hadda, da hira. Ni hadda kaɗai na ba yarana.

Na biyu shi ne ƙaramin aji, kuma abin mamaki, shi ma daga bashi ya samo asali. A 1742, jama'ar Wesley na birnin Bristol suna fama da bashin ɗakin taron da suka gina a 1739. Sai aka kasa su kashi-kashi, wajen mutum goma sha biyu kowane kashi, da shugaba mai zagayawa ya karɓi kwabo ɗaya a sati. Masu karɓar kuɗin nan suka dawo da labarin da ya fi kuɗin: wane ya koma shan giya, wance ba ta da lafiya, gidan wane ana faɗa. Wesley ya gane ya samu hanyar kula da mutane, sai aka mai da kason nan taron sati-sati, inda ake tambayar kowa halin da ransa ke ciki, a yi addu'a tare. A irin wannan zama ne leburori da mata masu wanki suka koyi buɗe baki su yi addu'a. Mutum ba ya koyon addu'a da sauraron mai wa'azi daga benci na ashirin. Sai ya ji na kusa da shi yana yi da maganar yau da kullum, sannan a ce masa to kai ma gwada.

Na uku shi ne teburin kansa. Wesley ya lasafta addu'a, da binciken Littafi Mai Tsarki, da Jibin Ubangiji a matsayin manyan hanyoyin da mutum ke samun alheri. A 1745 shi da ƙanensa Charles suka buga waƙoƙi 166 a kan Jibi kaɗai, don wanda bai iya karatu ba ya koyi ma'anar gurasa da ƙoƙo ta hanyar rerawa. A 1787 ya fitar da wa'azi a kan wajibcin yawaita cin Jibi, yana amsa wa masu cewa ba su cancanta ba. Takardar da Haɗaɗɗiyar Ikilisiyar Metodis ta amince da ita a 2004 a kan Jibi ta bi wannan sawu, ta ce ƙarancin shekaru ba dalilin korar kowa daga tebur ba ne, ta kuma nemi a riƙa koya wa yara ma'anarsa daidai hankalinsu. A ikilisiyar da na zauna kuwa, ranar Jibi yara waje ake tura su su yi wasa. To yaron da ya ce abincin manya ne, ƙarya ya yi? Abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Na san abin da za a ce mini. Wasu za su ce hadda ai ita ce tushe, da ita kakanninmu suka riƙe addini. Na yarda, kuma ban ce a bar ta ba. Abin da yaro ya haddace yana da shekara biyar shi ne zai zo bakinsa ranar da tsoro ya kama shi. Sai dai hadda iri ce a rumbu, in ba a shuka ba gara ce za ta amfana.

Wasu za su ce a bar yaro ya gane tukuna kafin ya matso tebur, kada ya raina abu mai tsarki. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ni ma da ita na taso, kuma ikilisiyoyin da ke jiran mutum ya girma suna da hujjarsu. Amma wanda ya yarda a yi wa jariri baftisma don alheri ya riga ganewa, da wane baki zai ce a tebur sai ganewa ta riga alheri? Ko da an zaɓi a jira, a bar yaron ya zauna gefen uwarsa ya gani, a ba shi damar tambaya a hanyar gida.

Wasu kuma za su ce uwaye ba su yi karatu ba, ga gona, ga kasuwa. Amsar wannan na same ta a shekarar da ta biyo. Na roƙi mata uku daga zumuntar mata, biyu cikinsu ba su iya rubuta sunansu ba, muka raba yara kashi huɗu, muka fara tun watan Oktoba. Aikin gida na farko da na ba da ba ya bukatar biro: kowane yaro ya tambayi uwayensa labarin ranar da aka yi masa baftisma, wa ya riƙe shi, me suka yi alkawari. Wata yarinya ta dawo ta ce kakarta ta yi kuka tana ba ta labarin, don a lokacin ba a sa ran za ta rayu ba. Wani yaro ya ce babansa ya manta abin da ya amsa, sai da ya je ya tambayi fasto. Wannan ma riba ce. Kowane zama kuma mukan rufe da yaro ɗaya ya yi addu'a don na kusa da shi, ko jimla ɗaya ce. Ba duka suka canza ba. Akwai waɗanda har Ista ta zo kaya da hoto ne a gabansu. Amma da aka yi rasuwa a unguwa, na ji ɗaya daga cikinsu, ɗan shekara goma sha uku, ya yi addu'a a gidan makoki ba wanda ya rubuta masa.

Don haka ga roƙona. Fasto, kada ka zuba wa jariri ruwa sai ka zauna da uwayensa ka tabbata sun ji nauyin abin da za su amsa. Malamin makarantar Lahadi, ka rufe littafi lokaci-lokaci ka yi tambayar da ba ta cikinsa, kuma in yaro bai shirya ba, ka fi ni ƙarfin hali ka faɗa. Uwaye, ku ware wa kowane yaro minti goma a sati, nasa shi kaɗai. Jama'ar da ke amsawa da babbar murya ranar baftisma, kowa ya san sunan yaro ɗaya da ba nasa ba, ya riƙa tambayarsa.

Baban nan da ya fara buɗe mini ido ya rasu kafin in baro Taraba. Jaririn da na ga an yi wa baftisma a ranar yanzu ya isa shiga ajin tabbatarwa. Ni ma ina cikin majami'ar lokacin da aka yi tambayar, kuma ko da yake baƙo ne ni, na amsa tare da kowa. Alkawari kaya ne. Nawa kason na bashin yaron ban biya ba, shi ya sa na rubuta wannan.