Rubutu mai tudu a riga: laifin tawada ne ko laifinmu?

Bana, gab da faretin 6 ga Maris na ranar 'yancin Ghana, iyayen yara a makarantarmu da ke Kumasi suka yi karo-karo don a buga wa ɗalibai riguna. Ni aka damƙa wa kuɗin. Yara suka nace sai rubutu mai tudu, irin wanda kake jin sa a yatsa. Na kai aikin saura kwana 3, na yi ta ciniki har mai bugawa ya sallama. Wanki biyu kacal, haruffan suka fara ɓarewa. Wata uwa ta tare ni a ƙofar aji ta ce, "Malam, wannan ne kuɗin namu?" Wallahi na rasa bakin magana.

Daga baya na zauna da wani tsohon hannu a sana'ar, na fahimci inda matsalar take. Tawadar da aka fi amfani da ita, filastisol, ba ta bushewa a iska ko a rana. Sai ta sha zafi kusan digiri 160 har cikinta kafin ta kama zare. Mai kumburar kuwa, sinadari ne a cikinta da ke tashi idan ya ji zafi, kamar burodi a tanda. Zafi ya gaza, sama ta dahu, ciki ɗanye, sai ta ɓare a wanki. Zafi ya wuce kima, tudun ya lotse. Mai ƙyalƙyali kuma tana son rariya mai manyan ramuka, in ba haka ba ƙwayoyin ba za su ratsa ba.

To, ni dai a ganina laifin namu ne mu duka. Wasu matasanmu na zango suna buɗe shago bayan 'yan watanni a hannun maigida, ba su da abin auna zafi, sai dai su cinka. Mu kuma masu kai aiki muna son araha, muna son gobe-gobe. Ai araha ba ta ado.

Wani zai ce kayan aiki tsada gare su. Gaskiya ne. Amma gwaji kyauta ne: a buga riga ɗaya, a ja rubutun da hannu a ga ko zai tsage, a wanke ta, sannan a buga sauran. Mu kuma a gida mu juya riga kafin wanki, kada mu ɗora dutsen guga a kan rubutun.

Ga Ntonso nan kusa da mu, sun daɗe suna cin abinci da buga adinkira a zane. Yaranmu ma za su iya, in mun bar su sun koya da kyau, mun kuma biya su hakkinsu. Baɗi in Allah ya kai mu, tun watan Janairu zan kai aikin.