RA'AYINMU: Gindin Taransifoma Da Bakin Dogo Ba Makewayi Ba Ne

Sanin kowa ne cewa jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Yagwa ba. Dogon da ya taso daga Duwala ya bi ta Yawunde a Ngaundere ya tsaya tun shekarar 1974, kuma jiragen kamfanin Camrail da man dizal suke tafiya. Don haka mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗan kasuwar Yagwa da haɗarin yin fitsari a bakin dogo mai lantarki? Amsar ita ce, fatakenmu ba a gida suke zaune ba, kuma irin wutar da ke kisa a bakin dogon wasu ƙasashe ita ce ke rataye a kan rumfunanmu.

Tun watan Satumba na 2023 jirgin cikin gari na Legas ya fara jigilar jama'a tsakanin Marina da Mile 2, hanyar da masu zuwa sarin kaya a kasuwar Alaba suka sani sarai. Wutar wannan jirgi a ƙasa take, cikin wani ƙarfe na uku da aka shimfiɗa gefen dogo, mai ƙarfin bolt 750. Jirgin Haramaini kuwa, wanda aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina, wayarsa ta sama bolt 25,000 take ɗauke da shi, alhali wutar da muke kunna fanka da firji da ita a gida bolt 220 ce kacal. Wuta mai ƙarfin ta Haramaini ba ta jiran a taɓa ta, da zarar mutum ya matsa kusa sai ta yi tsalle ta kama shi.

Dalilin da ya sa fitsari ke ƙara haɗarin a bayyane yake. Akwai gishiri a cikinsa, ruwan gishiri kuwa hanya ce ga lantarki. Gaskiya ne cewa fitsarin wanda ke tsaye daga nesa yakan tsinke ya zama ɗigo-ɗigo kafin ya kai ƙasa, shi ya sa wasu ke taƙamar sun yi ba abin da ya same su. Amma mu a al'adarmu tsugunawa ake yi, tazarar 'yar kaɗan ce, sannan a ɗauki buta a yi tsarki, hannu ya jiƙe, ƙafa ta jiƙe, ƙasar wurin ma ta jiƙe. Jiƙaƙƙen jiki ba ya tare wuta, kuma kaɗan daga cikinta idan ta ratsa ƙirji ta isa ta rikita bugun zuciya.

To, a dawo gida. Duk wanda ya san kasuwannin Yagwa, Marwa, Garwa da Kusseri ya san inda matsattse yake nufa: bayan shingen taransifoma ko gindin falwaya, domin nan ne kawai zai sami sutura daga idon jama'a. Wutar da ke zuwa daga madatsar ruwa ta Lagdo, a kan kogin Binuwai, takan shiga irin waɗannan taransifomomi da ƙarfin dubban bolt kafin a rage ta. Kowanne yana da wayar da aka binne a ƙasa, kuma idan ya sami matsala wutar ta nan take bi ta bazu a ƙasar da ke kewaye. Mutum na iya faɗuwa bai taɓa komai ba. Abin ya fi muni da damina, musamman a Mayo-Danay, inda ambaliyar 2024 ta nuna mana yadda ruwa ke kwanciya a unguwanni na tsawon makwanni.

Wannan jarida ba ta ɗora laifin duka a kan mai buta. Tun da aka buɗe gadar Logon tsakanin Yagwa da Bongor a 2025, hanyar Cadi ta ƙara sauƙi ga fatake da direbobi, kuma duk baƙon da ya wuni a kasuwa dole ya nemi makewayi. Idan ofishin magajin gari yana karɓar kuɗin rumfa da na tasha, wajibi ne ya gina masai masu tsabta da ruwa, na maza daban na mata daban. Kamfanin lantarki shi ma ya gyara shingayen da suka faɗi, ya sa alamar gargaɗi da hoto da Hausa da Fulatanci, domin yawancin masu ɗaukar kaya ba sa karanta Faransanci.

Muna kuma kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan tasha da su hana kafa teburi ko ɗaure dabbobi a jikin shingen wuta, su riƙa tunatar da yaran shago. Limamai su taimaka a huɗuba, tun da addini ya riga ya hana biyan buƙata a kan hanyar jama'a da inuwar da ake zama.

Ga mai tafiya Legas ko Saudiyya, kada ka tsallake shingen dogo ko da kuwa mara ta matsa, ka nemi ban-ɗakin tasha. Idan ka ga waya ta faɗo, ka ja da baya aƙalla mita 10, ƙafafu a haɗe kana jan su a ƙasa. Idan wuta ta kama wani, kada tausayi ya sa ka riƙe shi, a kira ma'aikatan lantarki su yanke wutar tukuna, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware. Uban gida da ke ciyar da mutum goma bai kamata ya bar marayu saboda minti biyu na neman sutura ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.